Yadda Za Ka Ɓoye Tsoro Ranar Cire Wa 'Yarka 'Yan Wuya

Likita ya ce sai an cire wa yarinyarka 'yan wuya, tsokokin nan biyu da ke kumbura a maƙogwaro, kuma tsoro ya kama ka? Kwantar da hankalinka. Bi hanyar maƙwabcina Baban Auta, direban tanka, na yi maka alkawari ba wanda zai gane.

1. Ka yi digiri a waya

Kafin ku isa asibiti ka haddace cewa ta hanya biyu ake sa yaro barcin tiyata: ko ya shaƙi iskar magani ta takunkumi, ko a tura masa magani ta jijiya. Wannan ya ishe ka. Ilimi in ya yi yawa, kai yake sarawa.

2. Ka ɗauki ɓangare

Baban Auta iska ya zaɓa. Ƙato ne mai juya tanka da hannu ɗaya, amma in ya hango allura sai ya nemi ƙofa. Kada ka faɗi haka. Ce kawai, "Yarinyar nan ba ta son allura."

"Ita ko kai?" in ji Maman Auta.

Yi kamar an kira ka a waya.

3. Ka ƙure likita

Harɗe hannuwa, ka tambayi likitar sa barci wanne ya fi. Likitar su Baban Auta ta amsa a natse: "Iska ba zafi, sai dai wasu yaran kan farka da rigima ko amai. Na jijiya sun fi farkawa cikin natsuwa, amma akwai tsira allura. Ita za ta fara da iska, in ta yi barci sai mu sa allurar."

Gyaɗa kai ka ce, "Daga bakina kika ƙwace." Mai gyaɗa kai ba ya faɗuwa jarrabawa.

4. Kada ka nemi ra'ayin mai wuyan

A nan gwanin namu ya yi tuntuɓe. Ya durƙusa gaban gado ya ce, "Auta, wanne kike so?"

Ta dube shi ta ce, "Wanda ba zai sa ka kuka ba, Baba."

In haka ta same ka, ɗora laifin hawayen a kan fankar ɗakin.

5. Ka yi sintiri kamar mai duba gini

An tura ta ciki, ƙofa ta rufe. Kada ka zauna, ƙafa za ta tona maka asiri. Ƙwanƙwasa bango, yaba fenti, addu'arka kuma a ciki. Baban Auta har mai shara ya tare: "Baba, yaya aikin ke tafiya?"

6. Ka dubi fuska kawai

Auta ta farka lafiya, murya a dishe. Ta miƙo hannu ta ce, "Baba, duba." Ga allura nan zaune a bayan hannun, an manne ta da filasta. Ya duba.

Sai da mutum uku suka ɗaga shi daga ƙasa. Nas ta yi masa fifita, ta leƙa waje ta ce, "Likita, ga wani ya yi barci, ba iska ba allura."

Sanarwa: ni ba likita ba ne, ko ciwon kai sai na tambaya. Zaɓin magani na masu farar riga ne. In ka bi shawarata ka fasa goshi har aka ce sai an ɗinke, ban san ka ba, ba ka san ni ba.