Rasuwar Dattijo, Firjin Uwar Yara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar Dattijo, firjin maiɗakina, wanda rai ya yi wa halinsa a kusurwar falonmu bayan jinyar da shi kansa bai san yana yi ba. Mai sanarwa mijinta ne, mai gyaran kayan wuta da sayen gwangwan, wanda kuka sani a rumfar bakin titi.

Marigayi gadon mahaifiyarta ne, kuma ya girmi duk 'ya'yanmu. Fentinsa ya koɗe, ƙafarsa ɗaya bulo ce, amma bai taɓa mayar da mai ƙishirwa da ruwan ɗumi ba. Ƙanƙarar da yake haɗawa ita uwar yara ke sayarwa, da ita take yi wa yaran kayan makaranta ba tare da ta jira aljihuna ba. Mai haƙuri ne, ba ya hayaniya. Maganarsa duka ba ta wuce “zuuuu” ba, idan sanyi ya kai sai ya ce “ƙit”, ya huta.

Likitansa ni ne, kuma a nan gizo ke saƙar.

Duk mai wannan sana'a ya san yadda take. Mutum zai kawo maka firji yana huci, yana so yau-yau, abin da ya lalace kuwa babu shi a tarin gwangwan ɗinka. Sai ka tuna akwai lafiyayye a gida. Da ƙwan fitilar cikinsa na fara, na ce aro ne, gobe zan mayar. Daga nan ragar ɗora kaya ta bi. Dattijo bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Ranar da wani mai kantin magani ya tsaya mini a ka kan firjinsa, na cire wa Dattijo tamostat, wato abin da ke kashe firji ya huta idan sanyi ya isa. Na haɗe wayoyin kai tsaye, na rufe. Tun daga ranar ba a sake jin “ƙit” a gidanmu ba, sai “zuuuu” babu tsayawa. Uwar yara kuwa murna ta kama ta. “Baban yara, wallahi hannunka akwai albarka,” in ji ta. “Tun da ka taɓa shi ƙanƙarar nan kamar dutse!” Na karɓi yabon da hannu biyu, har da cewa ai aikinmu ne. Da wata mai kifi ta zo da nata, na cire wa Dattijo obalod, ɗan abin da ke katse wuta in inji ya yi zafi. Na bar tsoho yana gudu ba birki.

Ajalinsa ya zo ranar da rana ta ƙwalle, aka cika shi da ruwan sayarwa. Ya ce “zuuu”, ya ce “ƙat, ƙat”, sai ƙauri ya cika falon. Kwamfuresa, wato injin da ke haɗa sanyin, ta ƙone ƙurmus, ko ni da nake tayar da matattun firjin mutane ban ga ta inda zan kama ba.

Abin da ke hana ni cin abinci shi ne abin da ya biyo baya. Ta zauna gabansa tana share hawaye, ta ce, “Ni na kashe shi. Haɗamata ce, na cika masa kaya. Ka yafe mini, kai kana ta wahalar lallaɓa shi.” Ni kuma, Allah ya yafe mini, na buɗe bakin nan nawa na ce, “Ba komai, kwana ne ya ƙare.” Har yau tana ɗauke da laifin da ba nata ba, masu sayen ƙanƙararta sun koma wani gida, ni kuwa ina shiga ina fita kamar mutumin kirki.

Marigayi ya rasu ya bar ƙwan fitila a gidan tela, raga a wurin wani malamin makaranta, tamostat a kantin magani, da obalod a hannun mai kifi, dukansu cikin ƙoshin lafiya, suna aiki suna hutawa. Ya kuma bar uwar ɗakinsa, da yara masu tambayar ruwan sanyi, da wata tsohuwar kula da ba ta riƙe komai.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a baro, daga gida zuwa rumfata, inda za a ɗora ta a sikeli kamar yadda na ɗora na mutane da yawa ban ji komai ba. Uwar yara ta ce da ita za a je, kuma a gabanta za a kwance bayansa. “Kafin a auna, ka cire duk abin da ke da sauran amfani,” in ji ta. “A saka wa firjin wani mai ƙaramin ƙarfi kyauta, ladan ya kai wa Inna kabarinta.”

Na ce to.

Masu ta'aziyya su yi wa uwar yara, ita ce aka yi wa rashi. Ni kuwa roƙona ɗaya ne: duk dattijon da ya san tana jin nauyinsa, don Allah ya zo da wuri, ya tsaya kusa da ni lokacin da zan ɗaga murfin.