Mijina ya daina barin kalmasa a wandon yara

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin da ke buga mana littattafan ƙarewar duniya,

Ranka ya daɗe, in dai marubutanka sun bari. Bayan gaisuwa da ban girma, ni matar wani tela ce, ga ni da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Tun da maigidana ya fara karanta littattafanku ya yanke ƙauna da ganin baɗi. Ga kokena.

Na ɗaya. A littafin farko ruwa ne ya cinye duniya, sai maigida ya kwashe kayanmu ya jibge a saman durowa, yanzu ko cokali zan ɗauka sai na taka kujera da wannan cikin. A na biyu ruwan ne ya ƙafe, sai ya cika mana ɗaki da jarkoki. Ranka ya daɗe, ba za ku zauna ku tsayar da magana ɗaya ba? Ambaliya ce ko fari?

Na biyu. Kusurwar da na share don gadon jariri yanzu gwangwanayen kifi ne da kyandir. Na tambaye shi ina za mu kwantar da yaro, ya ce, "Ke dai ba ki karanta babin ƙarshe ba."

Na uku. Kullum soja da likita da wani kare ne ke tsira. Ba a taɓa barin tela ba. Wa zai yi wa sojan facin wando? Ko karen ya iya keken ɗinki?

Na huɗu, wanda ya sa na ɗauki biro. Kowa a layinmu ya san hannun mijina. In ya ɗinka wa yaro wando, yakan bar kalmasa mai faɗi a ƙafa, in yaron ya yi tsawo a warware. Iyaye mata daga nesa suke zuwa saboda ita. Yanzu ya daina, wai ɓarnar yadi ce. Jiya ya kawo rigunan da ya ɗinka wa ɗanmu, kyawawa, amma duk cif-cif da sabon haihuwa, ko ɗaya ba za ta shige shi ba in ya fara zama. Na yi dariya a gabansa, na shiga kicin na sha kukana.

Ba na ce ku daina halaka duniya ba, sana'arku ce, Allah ya ba da kasuwa. Littafi ɗaya tak nake roƙo, wanda a ciki aka haifi yaro, ya girma, wandonsa ya ɗage masa. Ko bai yi daɗin karatu ba ku buga, mijina yana yarda da duk abin da kuka buga. Sai dai a hanzarta, don ɗan nan ba ya karatu, shi kam yana tafe.

Taka mai biyayya har ranar da kuka tsayar mana,
Matar tela.