Ta Rasu a Cikin Shinkafa, da Hotonmu a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, gwargwadon yadda ya halatta a kan abin da ba shi da rai, iyalan marigayi Pak Saad na Balik Pulau, a tsibirin Pinang, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsu, wadda aka fi sani da Tsohuwa. An tabbatar da rasuwarta ranar Alhamis da ta gabata, a cikin randar shinkafar mahaifiyarmu, Mak Sepiah, bayan jinyar da ta samo asali daga faɗawa ruwan gishiri a kan jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ya tashi daga George Town zuwa Phuket.

Ta rasu da fim a cikinta. A kan fim ɗin ake sa ran samun hoto ɗaya tilo na Mak zaune a tsakiyar 'ya'yanta da jikokinta, kowa cikin anko, a karo na farko da muka haɗu ba wanda ya rage tun bayan jana'izar mahaifinmu, Pak. Mak ta haura tamanin. Mai rubuta wannan sanarwa, Hairuddin, ɗanta na uku, shi ne ke riƙon marigayiyar har ƙarshen rayuwarta.

Pak ne ya kawo Tsohuwa gidan, a shekarar da lambunsa na duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya da ƙarfin wari, ya yi albarka. Baƙa ce, mai nauyi, wadda in ta yini a wuyan mutum sai ya kwana yana tuna ta. Ba ta taɓa neman caji ba. Ba ta taɓa yin ƙara a masallaci ba. Ba ta nuna wa mutum hotonsa nan take, saboda haka a zamaninta ba a san a taru a kan kafaɗar mai ɗauka ana cewa a sake ba. Babban halinta shi ne gaskiya: ba ta ƙara wa kowa haske, ba ta rage wa kowa ƙiba, kuma wanda ya rufe ido a bikin auren wani, haka zai zauna a rufe har jikokinsa su gani. Wasu a dangi ba su yafe mata wannan ba.

Magana ba ta dame ta ba. Abin da aka sani daga bakinta shi ne ƙyas idan ta ɗauka, da kirr idan aka ja fim gaba. In kuwa aka saita ta ta ɗauka da kanta, sai ta yi ta zzzz kamar sauron da ya shiga gidan sauro, na tsawon lokacin da zai ishi mutum ya ruga ya tsaya a layin baya ya gyara hula, sannan ta ce ƙyas.

Tafiyar da ta zama ajalinta ba ita ta nema ba. Da aka ji babban yayanmu, Abang Long, zai samu hutu daga aikinsa a Perth, sai aka yanke a kai Mak yawon teku, aka kuma zauna a barandarta don a tsayar da abin da za a ɗauki hoto da shi. Masu goyon bayan waya su ne mafi rinjaye. Jagorarsu Syifa ce, jikar Mak da ke aiki a Kuala Lumpur, wadda ta zo da sabuwar waya mai ido uku a baya. Ta ce wayar tana gani a duhu, ba ta tsoron ruwa, kuma tana iya jawo tsibiri daga nesa. Don ta kafa hujja ta ɗauki Mak, ta miƙa mata.

Mak ta daɗe tana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Tok," in ji Syifa, da sunan da jikoki ke kiran kakarsu.

"Ni? Wannan ko haihuwar fari ba ta yi ba. Shekara da shekaru ina tara tamojin nan, wayarki ta share shi kamar mai goge tebur."

"Mak, ni dai a bar min wayar," in ji yayarmu, Kak Ngah. "Tana taimakona."

"Ke kam kina bukata," in ji autanmu Fauzi, ya matsa nesa da hannunta.

Mak ta kawo hujja ta biyu, wadda ba wanda ya iya musawa. Ta ce a hoton ƙaramar sallar bara waya shida aka ɗaga lokaci guda, ba mutum biyu da suka kalli wuri ɗaya, ita kanta ta fito tana kallon kaza. Saboda haka hoton da za a rataye a falo, hoto ɗaya za a yi, ido ɗaya za a kalla, kuma da kyamarar da ta ɗauki Pak za a ɗauke shi. Wayoyi kuwa za a tattara su a jaka har sai an gama. An saurari ra'ayin kowa, sannan aka yi abin da Mak ta ce.

Ranar tafiya aka shiga jirgi da azahar. Mak ta ce a yi hoton kafin faɗuwar rana, tun jirgi bai bar tasha ba, yadda duwatsun Pinang za su fito a bayanmu. Da la'asar sakaliya duk muka hallara a saman jirgi, kusa da kududdufin ninkaya, cikin anko ruwan hoda da Kak Ngah ta zaɓa ba tare da shawarar maza ba. Aka karɓi wayoyi. An samu 'yar turjiya daga ɓangaren jikoki, amma ba ta yi nisa ba.

A nan alamar rashin lafiya ta farko ta bayyana. Marigayiyar ta yini a ɗakin da na'urar sanyi ta mayar kamar firij, tana fitowa iskar teku mai ɗumi sai idonta ya yi hazo, ciki da waje. An goge wajen da bakin riga. Na cikin kuwa sai jira. Aka jira, jirgi yana ta shirin tashi, jarirai suna ta bayyana matsayinsu.

Da idon ya washe, wani fasinja mai kirki ya ce a ba shi ya ɗauke mu. Ya karɓa, ya juya bayanta yana neman inda zai ga hoton, bai samu ba, ya mayar da ita da hannu biyu ya ba da haƙuri. Sandar da ake kafa ta a kai kuwa an baro ta a gida, saboda dalilan nauyin kaya da ba a nan za a tattauna su ba. Sai aka ɗora ta a kan teburin da ke bakin kududdufin, aka ƙara mata tsawo da tawul uku a ninke. Mai riƙonta ya saita ta, ya ruga layin baya. Kowa ya ji zzzz ɗin ya fara. Kowa ya kalli ido ɗaya.

Daidai nan jirgin ya busa ƙahonsa na tashi. Tebur ya girgiza, tawul na sama ya zame, Tsohuwa ta sunkuya gaba kamar mai gaisuwa, ta gangara cikin kududdufin, wanda daga baya aka gano da ruwan teku ake cika shi.

Ƙahon ya rufe duk wani sauti, kuma shaidu sun saɓa. Abang Long ya ce shi ya ji ƙyas sarai kafin ta faɗi, sai dai dangi sun san kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, kuma ta hagu teburin yake. Kak Ngah ta ce tana kallo kyamarar ta fara tafiya tun tana zzzz. Fauzi ya ce ba zai iya ba da shaida ba, domin lokacin ya rufe ido, kamar yadda ya saba a kowane hoto.

Fauzin ne ya yi tsalle cikin ruwan da ankonsa da zanen ƙugunsa da hularsa, ya fito da ita a ɗage sama. Ba ƙyas, ba kirr. Ruwa kawai ke fita ta gefenta.

"Tok, bari in ɗauko wayata mu sake, tunda kowa na nan," in ji Syifa.

"Da Fauzi haka, kamar kazar da ta faɗa rijiya?" in ji Mak. "An ɗauka. Ku tashe ni, magariba ta yi."

Washegari da safe jirgi ya tsaya Phuket, Abang Long ya sauka ya kama jirgin sama zuwa Perth, domin hutunsa ya ƙare. Iyalin ba su sake cika ba.

Game da jinya, ba za a ce iyali sun yi sakaci ba. Kak Ngah ba ta taɓa tafiyar da ta wuce kwana ɗaya ba tare da 'yar tukunyar lantarki da shinkafarta ba, domin ba ta yarda da shinkafar da ba ita ta wanke ba. Ma'aikatan tasha sun riƙe tukunyar a ƙofar shiga, amma sun bar shinkafar ta wuce. A cikin wannan shinkafa aka binne Tsohuwa har wuya, a kan imanin da kowa ya taso da shi cewa ɗanyar shinkafa tana tsotse ruwa daga duk abin da ya jiƙe. Kak Ngah ta ci shinkafar jirgi har aka dawo, kuma ta nemi a rubuta a nan cewa ta yi hakan ne saboda Mak, ba saboda kyamara ba. An rubuta.

Da aka dawo gida aka mayar da majinyaciyar babbar randar Mak, inda aka ga za ta fi samun kulawa. Mak ta hana a ɗebi ko gwangwani ɗaya daga ciki, don kada a dame ta. Gidan ya koma cin taliya.

Ranar Alhamis Teoh ya zo a kan babur ɗinsa. Shi ne mai gyaran kyamara a George Town, tsohon abokin Pak, kuma shi ya duba Tsohuwa duk lokacin da ta yi tari a rayuwarta. Ya tura hannu cikin randar ya zaro ta, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Shinkafa ta zubo. Ya gwada abin jan fim, ya ƙi motsi. Ya gwada murfin baya, tsatsa ta riga ta kama shi.

"Kak Piah, wa ya ce a sa ta a shinkafa?" ya tambayi Mak, da sunan da ya saba kiran ta.

"Kowa."

"Ga gishiri, ga shinkafa. Saura madarar kwakwa ku yi karin kumallo da ita."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Teoh. Ina ciki ko ba na ciki?"

"Sai an buɗe a duhu, Kak. Kuma ba za ta buɗu da lalama ba, sai na fasa bayan. Ita dai ta tafi."

Daga nan ya karɓi duriyan biyu ya ɗaure a bayan babur.

Marigayiyar ta bar igiyar wuya ta fata, wadda ta tsira da ɗan tauri; da fitilar walƙiya da ta makance tun auren Fauzi; da jakarta, da har yanzu ke warin man kafur. Ta bar littattafan hotuna cike da kabad, cikinsu har da hoton Pak a gindin bishiyarsa yana dariyar da ba wanda ya tuna dalilinta. Murfin idonta ya riga ta tafiya, a gidan namun daji na Taiping, a hannun wani biri. Akwai kuma wayoyi da dama a gidan da ke iƙirarin su ne magada. Iyali suna sanar da cewa ba jininta ba ne, kuma Mak ba ta amince da ko ɗaya ba tukuna.

Ana karɓar gaisuwa a gidan Mak bayan la'asar. Ana roƙon masu zuwa su guji cewa da an sani da waya aka yi. Syifa ta riga ta faɗa a madadin kowa, kuma tana ci gaba da faɗa. Za a ba da shayi da taliya. Shinkafar randar tana jiran hukuncin Mak.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe daga Balik Pulau, ta hanyar kan dutse, zuwa shagon Teoh. Shi kaɗai zai shiga ɗakin duhu da ita. Ba a bukatar masu rakiya, musamman masu fitilar waya. Bayan an ciro fim ɗin za a dawo da abin da ya rage, a kwantar da shi a kabad ɗin gilashi na falo, kusa da kofunan shayin da ba a taɓa sha da su ba. Fim ɗin za a aika shi Kuala Lumpur, domin Teoh ya daina wanke mai launi. An ce sakamako zai ɗauki mako biyu ko fiye.

Kafin nan Mak ta ba da umarni kada kowa ya kyautar da ankonsa ko ya kai wa tela ya taɓa shi, an kuma sanar da Abang Long ta waya cewa kada ya ƙara ƙiba. Ya amsa da to, amma bai faɗi lokacin da zai sake samun hutu ba. Jiya Mak ta sa Fauzi ya buga ƙusa a bangon falo, ta rataye sabon firam haka nan ba komai a ciki. Baƙi biyu sun riga sun tambaya hoton wa za a sa. Ta ce musu na iyalinta ne, ana wankewa.

Har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, Teoh bai yi alkawarin komai ba.