Facin da Na Yi wa Sabar da Ba Ita Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, a watan ƙarshe na gwajin da aka ɗauke ni a wani ƙaramin kamfani a Abuja. Ni ne mai kula da kwamfutoci da imel, kuma ran Juma'ar makon ne oga zai sa hannu a takardar tabbatar da ni. Takardar nan har mafarkinta nake yi.

Ran Litinin sanarwa ta fito cewa manhajar imel ɗin da muke amfani da ita tana da ɓaraka. Ɗan damfara zai iya ɓoye 'yan layukan umarni a cikin wasiƙa, kana buɗewa su yi aiki a shafinka kamar kai ka ba su izini, su kwashe masa wasiƙunka. Masu manhajar sun fitar da faci, aikina kawai in ɗora shi.

Sabobinmu biyu ne, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da imel: ta gwaji da ta ainihi, kuma a allo kamarsu ɗaya sak. Ƙarfe huɗu saura na fara aikin, idona ɗaya a allo ɗaya a agogo (wanda ke kwana a Nyanya ya san abin da minti goma ke jawowa a gosulon yamma, wato cunkoson motoci). Na ɗora faci, na ga an rubuto an gama, na suri jakata.

A bakin ƙofa Madam Ladi, sakatariyarmu 'yar Bwari, ta tambaye ni ko na gwada. Na yi mata murmushin nan na masu ilimi, na ce wannan ba harkar taifin ba ce. Allah Ya yafe min.

Da safe, maimakon in gwada a ɓoye kamar mai hankali, sai son burgewa ya taso min. Na haɗa wasiƙa mai irin wancan umarnin, amma marar cutarwa: in ɓarakar na nan, wani akwati zai buɗo da rubutu. Tunda na tabbata babu mai gani, na rubuta abin da ya zo bakina, na tura wa kowa. A taron ma'aikata na miƙe na yi bayani mai tsawo, har da ɗaga yatsa, sannan na roƙi oga ya buɗe wasiƙar a babban allon bango kowa ya shaida babu abin da zai faru.

Ya buɗe. Akwati ya fito ɓaro-ɓaro.

Oga, Bazazzagi ne mai sanyin magana, ya gyara tabarau ya karanta a hankali kamar mai karanta sanarwar rasuwa: "Idan ka ga wannan, mai kula da imel ɗinku bai san aikinsa ba."

Ma'aikata suka fashe da dariya. Ni kuwa gumi ya jiƙe min riga duk da sanyin esi. Sai a lokacin na gane sabar gwaji na yi wa faci, ta ainihin kuma ta kwana a buɗe, da wasiƙun abokan hulɗarmu duka. Kunyar da na ji ba ta dariyar mutane ba ce kawai, amana aka ba ni na yi sakaci da ita don in riga motoci.

Oga ya juyo ya ce, "Malam, wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, aƙalla kana da gaskiya."

A ranar na ɗora facin inda ya dace, na sa kowa ya canza kalmar sirri, na bi bayanan sabar layi-layi. Allah Ya rufa asiri, babu wanda ya shigo. Takardata dai aka ɗaga ta zuwa wata uku.

Da zan tashi na tsaya gaban teburin Madam Ladi na ba ta haƙuri. Ko ɗagowa ba ta yi daga taifin ɗinta ba, ta ce, "Ba komai, oga. Amma wannan karo ka gwada shi?"

Na ce na gwada sau uku.

Tun daga ranar, duk wasiƙar gwaji da zan haɗa kalma ɗaya nake rubutawa a ciki: "gwaji". Gosulon Nyanya kuma na daina tsere da shi, na lura ko ƙarfe nawa na fito yana nan yana jirana.