Kiryar da Ta Yi Ganye

Ba zan taɓa mantawa da damanar bikin Yaya Bello ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo. Laifina a maganar ɗan ƙarami ne, in dai za a yi mini adalci: an aike ni in kwaso itace mai nauyi, na kwaso marar nauyi. Shi ke nan fa. Amma har yau idan na bi ta layinmu a Jega, sai wani yaro ya leƙo ta zaure ya ce, "Injiniya, ina aiki?" ya zura da gudu.

Ga yadda abin ya faro. Baba ya gina wa Yaya Bello ɗaki a gefen gidanmu saboda amaryar da za a kawo masa daga Andarai. Ba a kai ga yin katanga ba, sai aka ce a zagaye wurin da shingen zana kafin biki. Baba fataucin albasa yake yi, yakan yi lodi a Aliero ya nufi Kudu, kuma wannan karon har da ango zai tafi. Ana gobe tafiyarsu ya kira ni.

"Kai, zo nan. Kawunka Altine ya sare muna kirya a lambunsa na Birnin Malam. Ka ɗauki amalanke ka kwaso, ka kafa dirkoki, ka ɗaura zana. Kirya na ce, ka ji ko? Ita ce gara ba ta iya ci. In na dawo na iske shingen ga tsaye, tahiya ta gaba da kai za a yi."

Tafiya Kudu! Ni da ban taɓa wuce Yawuri ba. Kafin azahar duk 'yan ajinmu sun san zan hau babbar mota (wasu har sun ba ni saƙon abarba, na kuma amsa musu da "Allah Ya kai mu," kamar wani tsohon falke).

Ranar Asabar muka ɗaura wa jaki amalanke ni da abokina Murtala, muka kama hanya. Muka tarar Kawu yana kwance da ciwon ƙafa, ya ce mu wuce lambu mu kwasa, tana nan jibge bakin rijiya.

Jama'a, kun taɓa ganin kirya ido da ido? Baƙa ce, karkatacciya, duk ƙulli, ba ta da fara'a ko kaɗan. Na tofa yawu a tafi, na kama bakin guda ɗaya na ɗaga. Ita ba ta motsa ba, amma wani abu a bayana ya ce ƙas. Daidai lokacin wasu 'yan mata masu tallan fura suna wucewa, ɗaya ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin Ƙarfi," suka tuntsire da dariya. Jakin ma ya juyo ya dube ni, ya dubi kiryar, na rantse sai da ya girgiza kai.

Can gefe kuma ga wani tarin itace, farare, miƙaƙƙu, santala-santala. Na ɗauki ɗaya da hannu guda, har na juya shi sama kamar sandar fareti.

Murtala ya ce, "Kai, wanga zogale na fa. Jiya-jiya anka sare shi."

Na ce, "To ni makaho na? Icce ai icce na. Wa za shi buɗe zana shi duba?"

"Baba ya ce kirya."

"Baba na Kudu."

(Kar ku ce jahilci ne ya ja ni. Na san zogale sarai, da kwaɗonsa aka raine ni. Lalaci ne tsagwaronsa, sai dai na sa masa hular dabara.)

Muka loda zogale, jaki yana tafe yana rangaji don murna. Na kafa dirkokina reras, sannan na ɗaura zana ciki da waje, ta rufe su ruf. Kawunan da suka leƙo sama na shafe su da baƙin man inji, suka yi baƙi ƙirin kamar kiryar gaske. Da Inna ta tambayi dalilin zana biyu, na ce mata salon Abuja ne. Ta ce Allah Ya yi albarka.

Sai aka yi ruwan farko.

Wata safiya na fito da buta, na hangi wani ɗan kore yana leƙowa ta tsakanin zana. Na cire. Washegari suka zama dangi guda. Ashe shi zogale ba ya gane an sare shi. Ka dasa shi a ƙasa, ya ji danshi, sai ya ɗauka canjin gida kawai aka yi masa. Daga nan na zama wanzamin shinge: kullum kafin in tafi makaranta sai na bi shi dirka-dirka na yi masa aski, in zuba wa akuyar Inna ganyen don in ɓatar da shaida. Akuyar ta yi ɓul-ɓul, gashinta har ƙyalli yake. Inna tana ta gaya wa maƙwabta wai dusar da ta canja ce.

Su Baba suka dawo biki ya matso, kansa ya yi zafi da hidima. Ya tsaya daga nesa ya dubi shingen, ya ce, "Kirya ce ko?"

Na ce, "Kirya ce, Baba," har da sunkuyar da kai irin na yaron kirki.

Ya ce, "Madalla. Ka shirya jakarka."

Makon biki kuwa na manta da aski. Ina can ina zaryar shagon tela, wanda ya riƙe mini shaddata kamar gadonsa, ga shi kuma ruwa ya yi ta sauka. Da safiyar yinin biki na tuna, na bi da sauri na tsittsinke na ƙasa. Na sama, can kusurwa, ban ko ɗaga kai na gan su ba.

Da hantsi dangin amarya maza suka iso, aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwar shingen daga waje. Daga ciki kuwa mata ne cike, sun ajiye mayafai, sun ɗaura zannuwa a ƙirji, ana tuƙa tuwon shinkafa. Baffan amarya, wani Alhaji mai farin gemu, ya dubi shingen ya ce, "Kai, wanga aiki ya yi. Wa yay yi shi?"

Baba ya nuna ni. "Ɗan wajena na. Shi ɗai."

Da ina da hankali, da na ce na gode na ɓace. Ina! Na gyara hula, na shigo tsakiyar fili na buɗe lacca. Na ce zaɓen itacen shinge ilimi ne, ba kowa ke da shi ba. Na ce madaci yana da kyau amma yakan tsage, marke ba laifi, giginya ta rufin ɗaki ce. Na ce amma wannan kirya ta musamman ce, da kaina na zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya, gara in ta zo sai dai ta yi sallama ta wuce gidan gaba. Na ce jikokin Yaya Bello ma a bayan shingen nan za a yi sunansu. (Kawu Altine yana zaune da sandarsa, na ga yana ta kallona baki buɗe, na ɗauka burge shi na yi.)

Ina cikin haka, raƙumin da ya kawo itacen girki ya gama sauke kaya ya miƙe. Mai shi ya tsaya shan ruwa. Raƙumi ya shaƙi iska, ya miƙa wuyansa can kusurwa, ya cafko wani reshe kore shar, ya ja.

Dirkar ta ce ɓas, kamar an karya rake. Da yake da igiya ɗaya na ɗaure su duka (salon Abuja), ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi ta biyu, shinge gaba ɗaya ya yi sallama ya kwanta ciki, kan tukwane.

Sai ga surukai ga mata, ido cikin ido.

Ihu ya tashi. Wata ta rufe kai da faifai, wata ta shige bayan turmi, gwaggonmu ta yafa buhun shinkafa. Maza suka dinga salati suna juya baya, Alhaji ya kifa fuska cikin babbar riga. Raƙumi kaɗai ne bai ji kunya ba, yana tsaye yana taunar kiryata a natse.

Kakata Inno ce ta fara fitowa daga ƙarƙashin zana, da miya a goshi. Ta kama guntun dirka, ta fasa shi da yatsu biyu, ta sansana.

"Ina mijin nawa, Injiniya? Zo, maigida. Ashe lambu ka dasa muna ba ka faɗi ba? Ku kawo ƙuli, kwaɗo ya samu!"

Kawu Altine ya ce, "Ni dai tun ɗazu nike mamaki. Kiryata tana can bakin rijiya, jiya ma a kanta na zauna."

Alhaji ya leƙo daga cikin riga ya ce wa Baba, "Don Allah in za mu koma a ɗiba muna irin kiryar ga. Mu tamu ta Andarai ba ta miya."

Aka kwashe da dariya har da masu kuka. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da ya yi wa wata albasa da ta ruɓe masa a mota. Da ƙasa ta yi mini alfarma ta tsage, da yanzu ina can ina gaisawa da gara.

Abin da na koya shi ne, idan za ka yi ƙarya, kar ka yi ta da abin da ke tsiro. Kuma in an yabe ka a gaban surukai, ka ce na gode ka rufe bakinka.

Ranar dai da tabarmi da zannuwan gado aka kare mata aka ƙarasa biki. Bayan an watse Baba ya hana ni jaki, ni na tura amalanke da hannu har na gama kwaso kiryar daga Birnin Malam, na kafa ta yana tsaye a kaina. Da lodin albasa na gaba ya tashi, ƙanena aka saka a gaban mota.