Ranar da Na Ci Boga da Takardarta

Gardama ce ta kai mu gidan bogar nan da ake yayi a Sabon Gari. Bukar, maƙwabcina a Kwari, ya rantse duk Kano babu kamarta. Ƙanwarsa Falmata, wadda nake nema da aure, ta ce burodi ne da nama kawai. Ni da ban taɓa ɗanɗana boga ba, na gyara hula na ce, "Ku bar mini hukunci, na sha cin ta a Dubai."

Aka kawo, na gantsara. Na yi ta tauna, wani abu ya ƙi narkewa. Na haɗiye da ƙyar, na ce, "Naman ba laifi, amma wannan farin ɓawon shi ne sirrin."

Falmata ta ajiye lemonta. "Malam, takardar naɗi ce fa."

Bukar ya yi dariya har ya ƙware.

An dai sa mana rana bayan Sallah. Amma har yau, da na yi sallama a gidansu sai ta ɗaga murya: "Inna, a ɓoye takardun gida, ga shi nan da yunwa!"