Barmo da Hoton Shiga Fim

Ku gyara zama ku ji irin faman da Barmo na Tsamiyar Goje ya sha a kan hoto ɗaya tak.

Barmo dai ƙato ne, ya ba talatin baya, yana zaune da mahaifiyarsa Inna Ladingo da awakinsu biyu. Mugunta ba shi da ita ko ta ƙwayar gero. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa duk sallamar da aka yi a ƙofar gidansu ƙara aka kawo, har Inna ta saba fitowa da ban haƙuri a bakinta. Amma fa a buga ganga! Nan za ka ga Barmo ya zama wani mutum daban, kaf yankin ba mai taka rawa kamarsa.

Wata rana aka yi shela a rediyo cewa wasu masu shirya fim na neman gwanin rawar gargajiya, duk mai so ya aika hoton fuskarsa kafin ƙarshen wata. Inna ta ce, "Barmo, tafi wurin Sallau mai hoto a bakin kasuwa. Ko sau ɗaya a zo gidan nan da alheri kafin in mutu." Sallau ya ƙare masa kallo ya ce, "Gobe ka wanke fuska tas, kada ka bari rana ta taɓa ta, gumi na ɓata hoto." Washegari gogan naka ya wanke fuska, ya kifa babbar ƙwaryar Inna a kai har haɓa, ya kama hanya. Bai yi nisa ba ya gwabza karo da bishiyar kuka. Ya iso da ƙulu a goshi kamar ƙwan zabuwa.

"Malam Sallau, rana ba ta taɓa ta ba."

"Na gani. Je ka, sai ya sace."

Wata rana, bayan ƙulun ya sace, Sallau ya zaunar da shi a kujera, ya karkata masa wuya ya ce, "Yauwa! Kada ka motsa sai na ce." Rufe bakinsa ke da wuya aka ɗauke wuta. Ya fita neman man inji, a hanya aka ja shi gidan biki ɗaukar hoto, ya manta shaf. Tun hantsi, sai azahar ya dawo. Ya tarar da Barmo yadda ya bar shi, ƙuda na yawo a kan hancinsa, hawaye na zuba. Sallau ya dafe kai ya ce, "Wayyo ni! Motsa, bawan Allah!" Ina! Wuya ya riga ya ƙage. Kwana huɗu Barmo na yi wa mutanen gari kallon gefe, Inna na gasa masa wuya da ruwan zafi.

Wata rana kuma Sallau ya nuna masa hotunan 'yan fim da ke manne a bango. "Ka ga yadda suke ɗaure fuska? Je ka koya, kada ka sake ka yi dariya." Ana nan sai aka yi suna a maƙwabta. Barmo ya zauna tsakiyar taro fuska a murtuke, ana barkwanci ko gezau, har 'yan suna suka fara raɗa ko rasuwa aka yi ake ɓoyewa. Mai jego ta fashe da kuka, maigidanta ya kawo wa Inna ƙara. Hoton da aka ɗauka washegari kuwa, Sallau ya duba ya ce, "In na aika wannan, 'yan sanda ne za su zo, ba masu fim ba."

Wata rana, ita ce ta ƙarshen wata, Barmo ya zauna gaban kamara, ya san in yau ta wuce shi ke nan, Inna ba za ta ga abin da take fata ba. Fuska ta sandare kamar icce. Sallau ya gaji ya ce, "Kai, don Allah yi kamar ba na nan!"

Barmo ya yi ajiyar zuciya. Tunda ba kowa a shagon, ya tuɓe hula, ya jawo furar Sallau ya shanye, ya murɗa rediyo. Aka yi dace kalangu ake kaɗawa.

"Kai, furata ce! Barmo! Da kai nake!"

Wa zai amsa wa wanda ba ya nan? Kafaɗa ta fara rawa, ido ya kawo haske, murmushi ya cika fuska har kunne. Sallau ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya tsaya cak. Shekara ashirin yana sana'ar nan bai taɓa ganin fuska irin wannan ba. A hankali ya ɗaga kamara ya shiga ɗauka. Ranar ya aika wa masu fim hoton.

Bayan mako biyu wata mota ta tsaya a ƙofar gidan su Barmo, wasu baƙi suka fito suka yi sallama. Inna ta fito tana gyara mayafi.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Me ya ɓata kuma?"

Ashe masu fim ɗin ne. Babbansu ya durƙusa ya miƙa mata hoto. "Iya, bai ɓata komai ba. Hoto ɗari biyu muka duba, kowa ya ɗaure fuska kamar an yi masa dole, ɗanki kaɗai muka ga yana da rai. Aronsa muka zo yi, in kin yarda."

Inna ta riƙe hoton da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, hawayen daɗi na bin kumatunta. Can ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, sake faɗa da ƙarfi. Ina so maƙwabta su ji."